Kallon faɗa-wuta da dare: yadda za ka fara, da yadda za ka riƙe lissafin shekara

Duk wanda ya taɓa barin fitila a kunne a waje ya san faɗa-wuta, amma kaɗan ne suka taɓa tsugunawa suka dube shi da kyau. Masana sun raɗa wa nau'i kusan 160,000 suna a duniya, adadin da ya ninka na malam-buɗe-littafi sau takwas ko tara, kuma har yau ana gano sababbi, musamman a ƙasashe masu zafi inda masu lura suka yi ƙaranci. Wannan ƙarancin ne ya sa aikin mai sha'awa yake da daraja. Mutum ɗaya da fitila ɗaya da littafi ɗaya, in dai ya dage a wuri guda, zai tara bayanin da babu wanda ya taɓa tarawa game da wurin.

Kafin komai, ka san wanda kake nema. Hanya mafi sauƙi ita ce duba 'yan ƙahonnin nan biyu da ke kansa. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe, na faɗa-wuta kuwa siriri ne kamar zare, ko kuma mai reshe-reshe irin na gashin tsuntsu, musamman a jikin namiji. Galibin faɗa-wuta suna kwantar da fukafukansu ne idan sun sauka, ba sa haɗe su a tsaye. Kada ka dogara da launi ko lokaci, domin akwai masu launi mai ɗaukar ido, akwai kuma masu yawo da rana tsaka.

Fitila da farin ƙyalle

Da wannan ya kamata kowa ya fara. Ka sami farin zanen gado na auduga, ka ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi biyu ko ka rataye shi a bango, ka ja shi ya miƙe, ka bar ƙasansa ya shimfiɗu a ƙasa kamar rabin mita, saboda da yawansu a ƙasa suke fara sauka kafin su hau. Sai ka rataye fitila a gabansa, daidai ƙirjinka ko sama kaɗan, yadda hasken zai bazu a kan ƙyallen.

Nau'in fitilar ne babban batu. Idon faɗa-wuta ya fi amsa hasken UV (wani haske da idon mutum ba ya gani) da shuɗi, ja da rawaya kuwa ba su cika motsa shi ba. Saboda haka ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa zai ba ka kaɗan ƙwarai. Tsofaffin masu wannan aiki sun daɗe suna amfani da ƙwan makyuri mai ƙarfin wat 125, wanda har yau babu kamarsa wajen jawo su da yawa, sai dai yana zafi sosai, yana iya fashewa idan ruwan sama ya taɓa shi yana da zafi, yana buƙatar na'urar daidaita wuta, kuma an hana sayar da shi a Tarayyar Turai tun 2015. A ganina mai farawa ba ya buƙatarsa. Ƙananan fitilun LED masu ba da UV tsakanin nanomita 365 da 400 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan) sun wadatar, suna aiki da batirin cajin waya, ba sa zafi, kuma za ka iya sa su a jaka ka tafi inda babu lantarki. Idan ka haɗa da farar fitila guda a gefe, za ka ga launin abin da ya sauka yadda yake. Kada ka zuba wa fitilar UV ido, kuma idan za ka daɗe kusa da ita ka sa tabarau mai tare wannan hasken.

An daɗe ana muhawara kan abin da ke kawo su fitila. A 2024 wasu masu bincike ƙarƙashin Samuel Fabian sun ɗauki hoton tashin ƙwari da kyamara mai sauri, suka nuna cewa ƙwaron yana juya bayansa ne zuwa ga haske, domin tun asali sama ce ta fi ƙasa haske, da haka yake sanin ina ne sama. Idan ya zo kusa da fitila sai lissafin ya rikice masa, ya yi ta zagaye. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, fitilarka tana tsare masu wucewa kusa da ita ne, ba ta kiran na nesa sosai. Don haka inda ka kafa ta ya fi ƙarfinta muhimmanci. Ka nemi gefen da ciyayi da bishiyoyi iri-iri suke, inda iska ba ta kaɗawa kai tsaye, nesa da fitilun titi. Ka kashe sauran fitilun gidan da ke haska wurin, ka kuma tabbatar hasken ba ya faɗa wa tagar maƙwabci.

Daren da ya dace

Dare mai ɗumi, mai laima, mai gajimare, marar iska, wanda wata bai haska ba, shi ne daren faɗa-wuta. Idan farin wata ya cika, sama kuma ta washe, abin da za ka samu zai ragu sosai. Yayyafi ba ya hana su fita, wani lokaci ma ƙara su yake yi, amma iska mai ƙarfi da sanyi suna kwantar da su. Ka kunna fitila da faɗuwar rana. Sa'o'i biyu zuwa uku na farko sun fi cunkoso, kodayake wasu manya ba sa zuwa sai bayan tsakar dare.

Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe tocila, ka haska ƙasa kafin ka taka, saboda waɗanda suka sauka a ƙasa da kuma kunama ko maciji a inda ake da su. Fitila tana jawo wasu ƙwaro masu ruwan da ke ƙona fata, idan ɗaya ya sauka a wuyanka ka hure shi, kada ka murƙushe shi a jiki. Haka gizaka mai gashi, kada ka ɗauke ta da hannu.

Tarko, ga mai son ya yi barci

Ƙyalle yana buƙatar ka tsaya a kansa. Tarko kuwa kana kunna shi ka kwanta, da asuba ka duba. Sanannun ƙira uku su ne na Robinson, na Skinner da na Heath, kuma dabararsu ɗaya ce: fitila a sama, mazurari ko gangaren gilashi a ƙarƙashinta, akwati a ƙasa. Za ka iya haɗa naka da bokiti mai murfi. Ka yanke tsakiyar murfin ka zura babban mazurari wanda bakinsa na ƙasa ya kai faɗin santimita uku zuwa biyar, don manyan su wuce. Ka kafa faranti uku ko huɗu na roba mai gani-har-hanji a tsaye kewaye da fitilar, su ne ƙwaron ke bugawa ya zame ciki. Ka huda 'yan ƙananan ramuka a gindin bokitin don ruwa ya fita, ka yi wa fitilar 'yar rumfa.

A cikin bokitin ka jera kwalayen ƙwai a jingine, kada su toshe bakin mazurari. Su ne maɓoya. Idan babu su, ƙwarin za su kwana suna dukan juna, gari ya waye fukafukansu sun goge, ba za ka gane kowa ba.

Ka tashi kafin rana ta fito. Tsuntsaye, tsaka, kwaɗi da tururuwa suna saurin gane inda tarko yake, zafin rana kuma yana kashe abin da ke ciki. Ka fara da duba bango da ganyayen da ke kewaye, don wasu ba sa shiga. Sannan ka kai tarkon inuwa, ka buɗe a hankali, ka riƙa zaro kwali ɗaya bayan ɗaya kana dubawa gaba da baya. Idan ka gama, ka rufe su a wuri mai sanyi har magariba, ko ka zazzage su cikin ciyawa mai duhu, kana canza wurin sakin kowane lokaci. Kada ka kunna tarko kowane dare a wuri ɗaya. Da yawansu kwanaki kaɗan suke rayuwa, kuma daren da suka kwana a bokiti dare ne da ba su ci ba, ba su yi barbara ba. Wannan hakki ne a kanka.

Waɗanda ba sa zuwa fitila

Akwai nau'o'in da haske bai dame su ba amma zaƙi yana kawo su. Ka dama ayaba da ta nuna ta yi laushi da sukari mai duhu da ɗan yis, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, ka shafa a jikin bishiyoyi da magariba, daidai tsayin ido. Bayan duhu ya yi ka zagaya da tocila mai jan haske, kana haskawa daga ƙasa a hankali, don farin haske yana korarsu. Furanni farare masu ƙamshin dare ma wurin dubawa ne. Ga wasu nau'o'in akwai sinadarin ƙamshin mace da ake sayarwa, wanda ke kawo mazan nau'i ɗaya tak. Tun 1959 Adolf Butenandt ya fara tantance irin wannan sinadari daga jikin faɗa-wutar siliki.

Hoto da neman suna

Wayar hannu ta isa. Ka ɗauki hoto biyu aƙalla, ɗaya daga sama daidai bayansa, ɗaya daga gefe, ka ajiye rula ko takarda mai layin milimita kusa da shi. Girma yana raba nau'o'in da zanensu ya yi kama, kuma hoto ba ya nuna girma sai da ma'auni. Hoton safiya a inuwa ya fi na dare fitar da launi na gaskiya. Idan ya ƙi zama, ka sa shi a ƙaramar kwalba mai faɗin baki, ka ajiye a firji na ɗan lokaci, zai lafa ba tare da ya cutu ba. Firji nake nufi, ba wurin ƙanƙara ba. Kada ka kama shi ta fiffike, domin wannan garin da ke manne maka a yatsa shi ne zanen da kake son karantawa.

Kada ka fara da haddar sunayen nau'i. Ka fara da dangi, shi ne zai rage maka wahala. 'Yan dangin Sphingidae masu kauri ne da fukafukai masu tsini, suna tsayawa cak a iska suna zuƙar fure da dogon baki. Saturniidae manya ne masu zanen ido a fukafukai, kuma idan sun girma ba sa cin komai, kusan mako guda suke yi su mutu. Geometridae suna shimfiɗa fukafukansu a buɗe, layukan zanen suna ratsa na gaba da na baya, tsutsarsu kuma tana tafiya tana lanƙwasa baya. Noctuidae su ne masu launin ƙasa da toka da za su cika maka tarko, ka nemi tabo biyu a fiffiken gaba, ɗaya zagaye, ɗaya mai siffar ƙoda. Pterophoridae suna zama da siffar harafin T. Ƙananan nan masu ɗan tsinin baki yawanci Crambidae ne ko Pyralidae.

Manhajar iNaturalist da ObsIdentify suna ba da shawarar suna daga hoto. Shawara ce, ba hukunci ba. Sun fi ƙwarewa a Turai da Arewacin Amurka inda aka tara hotuna masu yawa, a sauran wurare kuwa sukan liƙa wa ƙwaro sunan wani mai kama da shi daga wata nahiya. Ka gwada abin da suka faɗa da littafin yankinka, ko shafi irin AfroMoths idan nau'in Afirka ne, ka duba ko an taɓa samun sa a ƙasar, ko kuma lokacinsa ne. Akwai nau'o'in da ko gwani ba ya raba su sai ya duba al'aurarsu a madubin ƙara girma. A irin wannan, ka tsaya a sunan dangi ko rukuni. Sunan da ka ƙaƙaba bisa zato yana iya yawo shekaru a rumbun bayanai yana ɓatar da mutane, gurbin da ka bari babu suna kuwa wani zai cike shi wata rana daga hotonka.

Littafin lissafi

Nan ne aikin yake. Kowane bayani yana tsaye ne kan abu huɗu: me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ukun ba su da amfani sosai.

A kan kowane shafi ka rubuta kwanan wata, kuma ka riƙe wannan ƙa'ida: ranar da ka kunna fitila ake rubutawa, ba safiyar da ka buɗe tarko ba. Ka rubuta wurin da lambobin taswira daga wayarka, irin fitilar da ƙarfinta, ƙyalle ne ko tarko ko zaƙi, lokacin kunnawa da na kashewa. Ka ƙara zafin iska da magariba da mafi ƙanƙantarsa cikin dare idan kana da ma'auni, yanayin gajimare, iska, ruwan sama, da kwana nawa jinjirin wata ya yi da tsayawa. Sannan jerin nau'o'in, kowanne da adadinsa. A tarko ƙirga duka za ka yi. A ƙyalle kuwa, tunda suna zuwa suna tafiya, ka rubuta adadi mafi yawa da ka gani a lokaci ɗaya. Ka nuna ko babba ne, ko tsutsa, ko ƙwai, kuma idan tsutsa ce ka rubuta shukar da ka same ta tana ci, domin nau'o'i da yawa har yau ba a san abincin tsutsarsu ba.

Wanda ba ka san sunansa ba ka ba shi lamba, misali G14, ka ajiye hotonsa da wannan lambar, duk ranar da ya dawo ka rubuta G14. Ranar da aka gane shi, duk tarihinsa na nan yana jiran suna.

Ka rubuta daren da ba ka sami komai ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma shi ne ke lalata lissafin shekara. Idan shafin wani wata ya zama fari fat, bayan shekara uku ba za ka iya tuna ko ƙwarin ne ba su fito ba, ko kai ne ba ka kunna fitila ba. Layi ɗaya ya isa: an kunna daga ƙarfe kaza zuwa kaza, iska mai ƙarfi, ba a sami komai ba.

Sai daidaito. Ka zaɓi dare ɗaya a mako, wuri ɗaya, fitila ɗaya, sa'o'i iri ɗaya, ka riƙe su ko yanayi ya yi kyau ko bai yi ba. Shirin Garden Moth Scheme na Birtaniya haka yake tafiya, masu sa kai suna kunna tarko daren Juma'a daga Maris zuwa Nuwamba. Idan kana son gwada sabuwar fitila ko wani wuri, ka yi a wani daren, ka rubuta shi daban. Idan ka canza fitila a tsakiyar shekara sannan adadi ya ƙaru, ba ka da hanyar sanin ko ƙwari ne suka ƙaru ko haske. Cibiyar Rothamsted a Ingila ta riƙe tarkuna masu ƙira ɗaya tun 1968, da yawa a hannun masu sa kai, kuma da wannan lissafi ne aka gano cewa yawan manyan faɗa-wuta a Birtaniya ya ragu da kashi 33 cikin ɗari daga 1968 zuwa 2017. Da kowa ya riƙa canza tarkonsa yadda ya ga dama, da ba a iya faɗin wannan ba.

Kowane mako ka kwashe abin da ke littafi zuwa jadawali a kwamfuta ko waya, layi ɗaya ga kowane nau'i a kowane dare. Ka ajiye kwafi a wuri na biyu, amma kada ka yar da littafin takarda.

Karanta shekara

Bayan wata goma sha biyu, ka jera makonni 52 a kwance, nau'o'i a tsaye, ka cike adadi. Abin da zai fito zai ba ka mamaki. Wasu sau ɗaya suke fitowa a shekara, mako uku ko huɗu su ɓace. Wasu suna da tudu biyu ko uku, alamar zuriya biyu ko uku ke nan. A ƙasashe masu sanyi, ɗumi da tsawon yini ne ke tayar da su, har akwai masu fitowa da hunturu kamar Operophtera brumata, wanda macensa ba ta iya tashi. A ƙasashe masu zafi kuwa ruwa ne ke jan ragama: tsutsar da ta naɗe kanta a ƙasa tun rani tana fitowa bayan ruwan farko, sai wani tudun ya biyo baya makonni kaɗan bayan ganye ya tofo. Shi ya sa mai lura a irin waɗannan wurare ya kamata ya rubuta ranar ruwan farko mai ƙarfi da na ƙarshe, da ranar da manyan bishiyoyin kusa suka yi fure.

Kowa yana son ranar gani na farko, amma ita ce mafi rauni a lissafi, domin ta dogara da sa'a da yawan fitarka. Makon da adadi ya kai ƙololuwa ya fi ta amana wajen gwada shekara da shekara. Ka riƙa nuna ko ƙwaron sabo ne mai kaifin zane ko ya goge. Idan sabbi suka bayyana bayan an yi makonni ana ganin gogaggu, sabuwar zuriya ce ta fito.

Wani lokaci baƙo zai sauka. Acherontia atropos, mai zanen ƙoƙon kai a baya, wanda ke yin ƙara idan an taɓa shi yana kuma shiga amya satar zuma, yana ƙaura tsakanin Afirka da Turai. Haka Agrius convolvuli. Dubban Autographa gamma ne suka cika filin wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta Turai a Faris a 2016, bayan an bar fitilun filin a kunne da dare. Idan nau'in da ba ka saba gani ba ya zo da yawa a dare ɗaya, ka rubuta daga ina iska ta kaɗo a kwanakin. Wani baƙon kuma zama yake zuwa yi: Spodoptera frugiperda, wanda tsutsarsa ke cinye masara, daga nahiyar Amurka yake, an fara ba da rahotonsa a Afirka a 2016, a Indiya a 2018. Irin wannan ne ya kamata ka sanar da jami'an gona da wuri idan ba a san da shi a yankinka ba.

Shekara ɗaya tana nuna maka jerin sunaye ne kawai. Kada ka yanke hukuncin raguwa ko ƙaruwa daga shekara biyu, domin yawan ƙwari yana hawa da sauka sosai bisa yanayi. Daga shekara ta biyar zuwa sama ne magana take fara nauyi.

Fitar da bayanan

Ka ɗora hotunanka a iNaturalist ko Observation.org, ko shirin tattara bayanai na ƙasarka idan akwai. A iNaturalist, idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda da suna ɗaya, bayanin yana iya wucewa zuwa rumbun GBIF, inda masu bincike na duniya ke ɗiba. Ka gyara kwanan wata ya dace da daren kunna fitila, ka rubuta adadi da irin fitila a wurin ƙarin bayani, kuma idan a gidanka kake aikin ka zaɓi ɓoye ainihin wurin, manhajar tana da wannan zaɓi. Mai neman abokan koyo zai same su da yawa a ƙarshen Yuli, lokacin makon faɗa-wuta da aka fara a jihar New Jersey ta Amurka a 2012, wanda yanzu ake yi a ƙasashe da dama. Idan gwani ya gyara maka suna, ka tambaye shi alamar da ya duba, ka rubuta ta a gefen lambar ƙwaron a littafinka, sannan ka koma jadawali ka gyara duk layukan da ke ɗauke da tsohon sunan.